Tambaya: an canja mini aksil, yanzu hannun feda yana dukan firam

Ɗan Taura:

Assalamu alaikum. Masana harkar keke, shawara nake nema. Keke ne ɗan gwanjo mai giya 21, faranti 3 a gaba, 7 a baya, irin mai manyan tayoyin nan. Da shi ake kai kaya kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Aksil ɗin feda ya cinye yana ƙwal-ƙwal, sai mai gyara ya cire ya sa wani da aka ciro daga jikin keken tsere, rufaffe ne, irin wanda ba a zuba wa boris. Ya shiga lafiya lau, tiredi bai yi gardama ba.

Tun daga nan hannun feda na hagu yake dukan ƙarfen firam ɗin da ya tafi wilin baya, duk zagaye sai ka ji ƙas. Ƙaramin faranti ya kusa manne wa firam, sarƙa kuma ta ƙi sauka kansa. Kwaf ɗin hagu, wato marufin mai tiredi da ke riƙe aksil a gidansa, shi kuma ya nutse can cikin rami. Da muka sake cirewa, a jikinsa an rubuta 68 da 113. Tsohon an riga an sayar wa 'yan gwangwan. Na auna faɗin gidan aksil da tef ɗin tela, inci 3 ne ba kaɗan.

Wane aksil zan nema? Ko in haƙura in sa na baƙin keke Phoenix mai kotafin (guntun ƙarfen da ake sokawa ya riƙe hannu a kan aksil) gaba ɗaya, tunda shi ko'ina akwai? Wani kuma ya ce a kai wa mai walda ya ɗan lotsa firam ɗin da guduma.

Mai Gyara Ringim:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari guduma ta taɓa firam ɗin nan, lafiyarsa ƙalau. Lambobi biyun da ka gani su ne matsalar, kuma duka biyun ba naka ba ne.

Ta farko, 68, faɗin gidan aksil ne, wato bututun nan na ƙasan firam da aksil ke ratsawa, daga baki zuwa baki, da milimita. Ta biyu, 113, tsawon sandar aksil ɗin ne daga kai zuwa kai. Firam shi ke yanke maka ta farko. Ta biyu kuwa ba ruwan firam da ita sosai, hannun feda da farantansa su ke yanke ta, don kowane hannu da yadda aka lanƙwasa shi da zurfin da yake hawa kan aksil. A nan mutane suka fi ruɗewa: sai su ga tiredi ya shiga su ɗauka magana ta ƙare. Tiredin gida mai 68 da na mai 73 iri ɗaya ne sak, inci 1.37, zare 24 a kowane inci, shi ya sa ya shige maka ba gardama.

Inci 3 ba kaɗan da ka auna, 73 ke nan, don 73 inci 2.87 ne, 68 kuwa inci 2.68. Amma tef ɗin tela yana miƙewa. Ka kifa keken, ka aro rular ƙarfe, ka auna ta ƙasa, ƙarfen firam kaɗai, ban da leɓen kwaf, ban da zoben kulle. Bambancin milimita 5 ne, rula za ta nuna shi sarai.

Ga abin da ya faru da keken. Hannu mai faranti 3 irin na giya 21, musamman wanda aka haɗa farantansa da ribiti, akasari aksil mai 122.5 yake so. An sa maka 113. Ya gaza da 9.5, wato kowane gefe ya shigo ciki da kusan 5. Sannan rufaffen aksil leɓen kwaf ɗinsa na dama shi ke tokare bakin firam. Gida mai 73 ya fi mai 68 fita da 2.5 a kowane gefe, don haka aksil ɗin dungurungum ya zame dama da 2.5. Sai dama ta rage asara, faranti ya shigo da 2 da 'yan kai kawai. Hagu kuwa ta haɗa biyu, 5 da 2.5, ta shigo da sama da 7. Shi ya sa hagu ke duka, dama kuma ta tsaya a kusa-kusa. Nutsewar kwaf ɗin hagu ma wannan milimita 5 ɗin ce. Lissafin ba zai fito cif ba, don wasu aksil ɗin gefen damansu ya ɗan fi tsawo, amma ba zai yi nisa da haka ba.

Sarƙa ta ƙi sauka kan ƙaramin faranti ne saboda mai canjin gaba, wato kejin da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti, yana da iyakar da zai iya matsowa jikin firam. Faranti ya shige ƙarƙashinsa, ya fi ƙarfin turinsa.

Abin da za ka nema 73x122.5. Kafin ka ba da kuɗi ka tabbatar da awo, tunda aksil ɗin da bai dace ba ma yana da amfani wajen gwaji. Mayar da shi, ka ɗaure hannun dama sosai, ka auna daga jikin bututun sirdi zuwa haƙoran faranti na tsakiya, ka ƙara rabin kaurin bututun. Bututun ƙarfe akasari 28.6 ne, rabinsa 14.3, na alminiyam ya fi kauri, 31.8 ko 34.9. Keke irin naka ana son jimlar ta faɗa tsakanin 47.5 da 50. In ka samu kamar 45, lissafin nan ya tabbata. In ka samu 47 ko 48, to hannun naka mai son gajeren aksil ne, 73x118 ma zai ishe ka.

Baban Sifana:

Ɗana, maganar na Phoenix ka ajiye ta. Gaskiya ne kayansa sun fi arha, kuma babu kasuwar ƙauyen da za ka rasa kotafin da kwaf, amma ba zai zauna a wannan firam ba.

Aksil mai zuba boris yana da kafaɗu biyu inda boris ke gudu, kuma tazarar da ke tsakaninsu an yi ta ne daidai da faɗin gida. A irin mai kai huɗu, in ka ga lambar da aka buga a tsakiyarsa ta fara da 3, kamar 3P ko 3S ko 3T, tazarar 52 ce, ta gida mai 68. In ta fara da 5, tazarar 55 ce, ta gida mai 70. Harafin da ke biye shi ke nuna tsawon kawunan. Ka sa mai gajeriyar tazara a gida mai 73, kwaf ɗin hagu zai yi ta shiga yana neman boris har ya ɓace a ciki, ba sauran tiredi a waje da zoben kulle zai kama. Ba zobe kuwa, kwaf zai riƙa kwance kansa a hanya. Masu soka ƙusa ko ɗiga walda a wajen, ranar da boris ya ci sai sun fasa kwaf kafin su fitar da shi. Na kotafin ma haka ne, a auna tazarar kafaɗunsa da ta tsohon kafin a saya.

Ko da kwaf ya zauna, akwai faranti. Na baƙin keke haƙora 44 zuwa 48 ne, kuma yana zama kusa da firam. Firam mai manyan tayoyi ƙafafunsa na baya a buɗe suke don taya ta samu wuri, babban faranti a wannan matsayi zai ci ƙarfe. Ga kaurin haƙori: na baƙin keke an yi shi don sarƙa mai faɗin 1/8 na inci, sarƙar giya 7 kuwa 3/32 ce, ba za ta zauna a kansa ba, za ta hau bisa haƙora ta tsaya. In ka sa sarƙa mai faɗi, ita kuma ba za ta wuce tsakanin giyoyin baya ba. Ƙarshenta ka zubar da giya 21 don ka tsira da kuɗin aksil ɗaya, ga ka mai ɗaukar kaya a yashin Jigawa, inda ƙaramin farantin nan shi ne rufin asirinka.

Tunda masu baƙin keke ma suna karantawa, su kula da abu uku. Kotafin na kekunan Ingila da Indiya da Sin akasari 9.5 ne, na Faransa 9. Na dama da na hagu dole su kalli saɓanin juna, in ba haka ba hannayen ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Kuma noti ba shi ke jan kotafin ba: a tokare hannun da guntun bututu daga ƙasa, a buga kotafin ya zauna, sannan a ɗaure noti. In aka buga ba tokari, boris ne ke shan dukan, ya bar rami a jikin kwaf. Boris ɗin 1/4 na inci ne, 11 kowane gefe in zube ne, masu keji kuma yawanci 9.

Tsohon Raleigh na Ingila kuma daban yake da kowa: zare 26 a inci, gida mai faɗin 71 ko 76. Kwaf mai 24 zai fara shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije. In ya cije a tsaya.

Na Gumel:

Ƙari a kan abin da Mai Gyara da Baba suka faɗa, don kayan gwanjo a gauraye suke zuwa, kuma gobe wani zai ɗauko hannu mai kyau a tulin kaya ya ɗauka sa'a ya yi.

Faɗin da rula ta ba ka yana gaya maka irin tiredin ma. 68 ko 73, na Ingila ne, shi ne kusan ko'ina, kwaf ɗin dama tiredinsa a juye yake. 70, na Italiya ne, a jikin kwaf za ka ga 36x24, kuma duka gefen biyu tiredin dama ne. Kwaf na Ingila zai zurma a cikinsa bai kama komai ba. Tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot na shekarun 1970 faɗinsu 68 ne amma tiredin 35x1, su ne masu yaudara, don ido ba zai raba su da na Ingila ba. In kuma gidan babba ne, faɗin raminsa wajen 51, ba tiredi sam, wannan na hannu mai ƙarfe ɗaya ne da ake gani a kekunan yara da BMX. Fedarsa ma tiredin 1/2 na inci ne, saura akasari 9/16.

Sai kan aksil. Mai kai huɗu iri biyu ne, JIS na Japan da ISO na Turai. Kusan duk abin da ke kasuwanninmu JIS ne. Hannun ISO a kan aksil na JIS zai tsaya waje da kamar 4.5, hannun JIS a kan na ISO kuma zai zurfafa da kamar haka. Masu tsaga-tsaga kuma, Octalink tsaga 8, ISIS tsaga 10, ba sa shiga juna, kuma samun aksil ɗinsu a nan wahala ne. Ka ga hannu mai ramin tsaga ba tare da aksil ɗinsa ba, bar shi, ko kyauta ne.

Na zamani, irin Hollowtech II na Shimano, sandar mai kaurin 24 a manne take da hannun dama, boris kuma a waje yake zama cikin manyan kwaf. A nan babu zaɓin tsawo, sandar guda ce, sai dai a cike da washa mai kaurin 2.5. Hannun keken daji: a gida mai 68 washa 3, biyu dama ɗaya hagu, a gida mai 73 washa 1, a dama. Hannun keken tsere kuwa na 68 ne kawai, ba washa. Ka sa shi a 73, sandar ba za ta fito yadda hannun hagu zai kama tsagarta duka ba, rana ɗaya kana tsaye a kan feda zai zare. GXP na SRAM kamarsu ɗaya a ido amma gefen hagunsa 22 ne, kwaf ɗinsu ba ya musanya.

Don keken kai kaya kasuwa, ni ban ga dalilin barin mai kai huɗu ba. Boris ɗinsa a ɓoye yake cikin firam, ƙurar hunturu ba ta isa gare shi da wuri, na waje kuwa shi ke fara shan ta.

Ɗan Taura:

Allah ya saka da alheri, iyayen gida. Na auna da rular ƙarfe, 73 ne cif. Daga tsakiyar bututun sirdi zuwa faranti na tsakiya kuma 45. Matsalar, mai kayan keken da ke kusa da mu 68x122.5 da 68x127 kawai gare shi, ya ce mai 73 sai an aika Kano. Akwai wanda zai yi a cikin biyun? Ya kuma ce ana iya rage gidan da giranda ya koma 68.

Mai Gyara Ringim:

Giranda a'a. Bakin gidan nan biyu dole su kasance a miƙe, suna kallon juna daidai, don a kan na dama leɓen kwaf ke kwanciya. Hannu ba zai ci 2.5 daidai wa daida a kewaye ba. Bakin ya karkace, kwaf zai zauna a karkace, ya riƙa ƙara yana kwancewa, kuma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa.

A cikin biyun ɗauki 68x122.5. Dama za ta koma wajen 50, wanda yake cikin iyaka, hagu kuma za ta rage 2.5 kawai daga inda ya kamata. Mai 127 zai gyara hagu tsaf, amma ya tura faranti wajen 52. A nan mai canjin gaba zai yi ta fama kafin ya kai sarƙa babban faranti, kuma in kana manyan giyoyin baya, waɗanda kake hawa tudu da su, sarƙa za ta riƙa tafiya a karkace tana cin haƙora.

Sharaɗi biyu ne. Kwaf ɗin hagu ya zama marar leɓe, don zai shige ciki da kamar 5. In mai leɓe ne zai tokare bakin firam tun bai kama jikin aksil ba, aksil ya zama a rataye ta gefe ɗaya. Kuma tiredin firam ya kai wannan zurfin. Tunda na 113 ya nutse ya ɗauru, da alama ya kai. Bayan ka ɗaure hannun hagu, ka duba tsakanin ƙarshensa da firam, a samu aƙalla 3, an fi son 5, don firam yana ɗan lanƙwasa idan ka taka da kaya. In bai kai ba, mai 127 ko jiran na Kano.

Da a ce akasin haka ne, aksil mai 73 a gida mai 68, da abin ya fi sauƙi: washa mai 2.5 a ƙarƙashin leɓen dama ta daidaita shi. Washar firiwil tana shiga wajen.

Baban Sifana:

Ni dai da za a bi tawa, a jira na Kano. Motocin Gujungu kullum suna shiga birni, kwana biyu bai kashe kowa ba. Kwaf ɗin da ya nutse yana barin tiredi a buɗe, yashi da ruwan damina su zauna a ciki, kuma yawancin kwaf ɗin hagu na masu arha roba ne, ranar cirewa haƙoransa sai su murje a can ciki inda ba ka isa gare su. In dole ne sai na 68, to a cika wajen da giris, kuma a nemi mai kwaf ɗin ƙarfe.

Ɗaurin kuma ga yadda ake yi. Cire hannu da fula, wato makullin zare hannu daga aksil, mai tiredin 22; a juya ta ta shige ramin hannu har ƙarshe kafin a fara matsawa, kuma a tabbata an fitar da washar da ke ƙarƙashin ƙusar da ke ɗaure hannun, in ba haka ba tiredin alminiyam zai biyo fula. Ban da guduma, ban da zafin wuta. Kwaf na rufaffen aksil yana son makullinsa mai haƙora 20, kurfi da guduma farfasa shi suke yi. Wajen kwancewa, ka tsayar da sifana sama ka tura ta wajen wilin gaba, a duka gefen biyu. Feda ita ce akasi, wajen wilin baya ake kwance ta.

Wanke tiredin da kananzir da tsohon buroshi, a goge, a shafa giris. Fara da dama, da yatsu kawai, zagaye huɗu ko biyar. In ya yi tauri tun a farko, ya hau bisa kuskure ne, fitar ka sake. Kafin ka ƙarasa dama, sa na hagu ya ɗan kama don aksil ya miƙe, sannan ka ɗaure dama tamau, ka dawo ka ƙarasa hagu. Juya sandar da yatsa: ta juya sumul, ba tsayawa, ba girgiɗi.

Goge kan aksil da ramin hannu tas. Ƙusar tana son ƙarfi kamar Nm 40, wato nauyin jarka mai lita 20 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Bayan ka ɗaure, sake cire ƙusar hagu ka leƙa ramin. Kan aksil ya kamata ya rage a ciki da milimita 2 ko 3. In ya zo daidai da inda ƙusar ke zama, ramin hannun ya buɗe, ƙusa za ta ɗauru a kan aksil hannun kuma yana lilo. Wannan hannun ya gama aiki, gwangwanin da ake cusawa kwana kaɗan yake yi. Ka duba naka da kyau, don hannun da ya daɗe yana dukan firam sau da yawa ramin ya fara buɗewa.

Na Gumel:

Kada a manta da mai canjin gaba, tunda faranti zai fita da kusan 5 daga inda yake yanzu, kuma wataƙila mai gyara ya taɓa sukurorinsa lokacin da sarƙa ta ƙi sauka. Kejinsa ya tsaya 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti, a layi ɗaya da shi. Sa sarƙa a ƙaramin faranti da babbar giyar baya, juya sukurun da aka rubuta L har kejin ciki ya kusa taɓa sarƙa, sannan ka ja waya ka ɗaure. Koma babban faranti da ƙaramar giyar baya, ka saita mai H yadda sarƙa za ta hau ba ta zarce ta faɗa kan hannu ba. Bayan tafiyar kasuwa ta farko da kaya, a sake gwada ƙusoshin hannayen biyu da sifana, sau ɗaya. In sun riƙe, a mayar da murfinsu a ƙyale su.